Inda Dutse Ya Goya Dutse

Akwai abin da mutum kan rasa ya je kasuwa ya yi cigiya, akwai kuma wanda ko ya buɗe baki ba zai san ta inda zai fara faɗarsa ba. Irin na biyun ne ya sami Baba Dudu na Sabon Gungu a daminar bana, domin shi wuri ya ɓace masa a tsakiyar ruwa.

Asalin maganar kuwa shi ne, an haifi Dudu a Gungun Marke, wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar kogin Kwara tun kafin a datse ruwa a Kainji. Yana da shekara tara mahaifiyarsa ta rasu, aka binne ta a gefen wani falalen dutse inda matan gungun suke shanya albasa. Yana da shekara goma sha biyu ruwa ya taso, hukuma ta kwashe su zuwa gaɓa, aka ba su ɗakunan siminti masu rufi kamar bayan kunkuru. Gungun ya nutse da rumbunansa da markensa da kaburburansa, ruwa ya shafe samansa sumul kamar ba a taɓa hura wuta a wurin ba.

Mahaifinsa mutum ne mai lura. Da ruwa ya gama cika sai ya ɗauki yaron a jirgi, ya koya masa alama biyu. Ta farko tana gaɓar yamma: a bar bakin wani ɗan rafi ya zo daidai ƙarƙashin ƙololuwar Dutsen Shaho. Wannan kan ba mutum hanya a kan ruwa, miƙaƙƙiya kamar zaren masaƙa. Ta biyu tana gaɓar gabas: a bi hanyar nan ana waiwaye, har wata doguwar giginya ta tsaya daidai cikin wata tsaga da ke jikin tudu. Idan alamun biyu suka haɗu sai a ajiye filafili, a zura dutse ɗaure da igiya. Ko'ina a tafkin laka ce, tana haɗiye dutse ba ƙara. A nan ne kawai dutsen kan faɗa a kan falalen, ya ce ƙwas, motsin ya biyo igiya ya shiga tafin hannu. Shekara hamsin da 'yan kai Dudu yana zuwa nan kowane ƙarshen damina, ya ƙwanƙwasa, ya yi wa mahaifiyarsa addu'a, ya juya.

Bana, da ruwan farko, guguwa ta tuge giginyar, tafki ya tafi da ita. Alama ɗaya ta rage, watau hanya ba wurin tsayawa, hanyar kuwa ta kai tafiyar hantsi guda a filafili. Sau bakwai yana fita shi kaɗai yana zura dutse, sau bakwai laka tana amsa masa da shiru. Ga kuma yanar ido ta fara rufe shi, abin da ke nesa duk ya koma masa kamar hayaƙi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai taɓa nuna wa kowa wurin ba. Kullum cewa yake sai jikoki sun ƙara wayo. Yanzu ga jikokin sun yi wayo, shi kuma ba shi da abin nunawa.

Ana haka sai labari ya zo daga makarantar yara cewa an buɗe wani gidan kimiyya a Yelwa, a cikin wani tsohon siton albasa da ke kusa da bakin ruwa. Sufyanu, jikansa ɗan shekara bakwai, ya hana kowa sakat. Uwarsa Hasiya ta gaji da naci ta kai maganar wurin mijinta Jamilu, autan Dudu, wanda ke jigilar mutane da jirgi mai inji. Aka tsayar da ranar Asabar.

Dudu ya ce shi ba ya zuwa, ina ruwan tsoho da wasan yara. Sai ƙaramar jikarsa Hamdiyya, 'yar shekara biyar, ta zo ta tsaya a gabansa ta riƙe ƙugu.

“Kaka, wane irin ango ne kai, amarya za ta birni kana zaune kan tabarma?”

“Amaryar da ba ta iya dama fura ba?” in ji shi. “Na fasa auren.”

“Ni ma na fasa. Haƙoranka huɗu. Amma dai taho ka riƙe mini takalmi.”

Haka aka yi ya sami kansa a tsakiyar jirgi da sassafe, da takalman roba ja guda biyu a cinyarsa. An sa wa yaran rigar ruwa mai launin lemo, ta yi musu yawa, kawunansu suka leƙo daga ciki kamar 'yan kunkuru. Damina ta ja jiki, sararin sama ya wanku tas, tafkin ya kwanta kamar faranti. Dutsensa da igiyarsa suna nan a ƙarƙashin benci inda suka saba zama. Da jirgi ya zo ƙetare hanyar Dutsen Shaho sai Dudu ya rufe ido. Jamilu ya gani daga wurin inji, ya rage gudu kaɗan har suka wuce.

A Yelwa suka sauka cikin ƙamshin bandar kifi da hayaniyar 'yan kabu-kabu. Gidan kimiyyar ba shi da nisa, an shafe shi da farin fenti, an jera farantan sola a kan rufinsa. Duk da fentin, Dudu na shiga hancinsa ya tsinci tsohon warin albasa a jikin bango, ya ji kamar wani ya kira shi da sunan yarinta daga bayan ɗaki.

Mai kula da wurin wata malama ce mai matsakaicin shekaru, sunanta Hannah, 'yar mutanen kan tudu daga wajen Ngaski. Ta rusuna ta gaishe shi.

“Baba, barka da zuwa. An sha hanya.”

“Barka kadai, ɗiyata. Ni ɗan rakiya ne, ga masu kallon nan.”

“A gidan nan ba ɗan rakiya, Baba. Duk wanda ya shigo sai ya koma yaro kafin ya fita.”

Ta fara kai su wurin wasu madubai masu lanƙwasa. A ɗaya Hasiya ta miƙe siririya kamar gora, har ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya don kunyar surukinta. A wani Jamilu ya kumbura kamar randa, yaran suka kwanta ƙasa don dariya. Da Dudu ya zo gaban na ƙarshe sai ya ga ya gajarce, ya dawo daidai tsawon Sufyanu: wani ɗan yaro mai farin gemu yana kallonsa, riƙe da jajayen takalma. Ya daɗe a tsaye. Yaron cikin madubin ma bai motsa ba, kamar yana jira a tambaye shi hanya.

Daga nan Malama Hannah ta ɗiga ɗigon ruwan tafki ɗaya a kan gilashi, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Sufyanu ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa.

“Inna, akwai gari a ciki. Wasu na gudu, wasu na juyi. Wannan muke sha?”

“Shi ya sa nake tafasawa kana ƙorafin zafi,” in ji Hasiya.

Dudu ma ya kara idonsa mai dama-dama. Ya ga wasu halittu farare kamar hazo suna kai da kawowa, kowa da sha'aninsa, ba wanda ya san ana kallonsa. Ya ce a ransa, in ɗigo ɗaya ya ɓoye gari guda, to ina laifin tafki don ya ɓoye gungu ɗaya.

Ɗaki na uku ya fi sauran girma, abu ɗaya ne kuma a cikinsa: wani tebur mai tsawon jirgin fito, an gina ƙasa a kansa da siminti, da tuddai da duwatsu da kwaruruka, an shafa musu launi. A tsakiya ruwa ne na gaske, kwance daga wannan kai zuwa wancan. A gefe akwai madanni biyu, ja da shuɗi.

“Wannan tafkinmu ne,” in ji Malama Hannah. “Kafin a datse kogi, an bi ƙasar nan da jirgin sama an auna ta, an zana taswira. Daga taswirar aka gina wannan. Ga Yelwa nan inda muke, ga Warra can ƙasa. Wa zai danna ja?”

Sufyanu ya riga kowa. Wani famfo ya yi gurnani a ƙarƙashin tebur, ruwan ya fara ja da baya a hankali. Gaɓa ta faɗaɗa. Sai wani ɗan baƙin abu ya ɓullo a tsakiya kamar bayan dorina, sai wani, sai wani. Ruwan ya tsuke ya koma kogi mai rassa, yana ratsa tsakanin tsibirai masu yawa, manya da ƙanana, duk a jiƙe suna sheƙi kamar yanzu aka halicce su.

Takalman Hamdiyya suka zame daga hannun Dudu. Bai ji faɗuwarsu ba. Abin da ya yi shekara hamsin yana gani a mafarki kaɗai, ga shi a kan tebur da rana tsaka, yaro ɗan shekara bakwai ya yi shi da yatsa ɗaya.

“Haka ƙasar take a da,” in ji Malama Hannah. “Kakanninku a nan suka zauna.”

“Ɗiyata,” Dudu ya ce, “wanne ne Gungun Marke?”

Ta duba, ta girgiza kai. “Manyan kawai aka rubuta wa suna, Baba. Ƙananan sun fi arba'in, taswirar ba ta ambace su ba.”

Ya sunkuya a kan teburin yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Duk iri ɗaya suke, 'yan dunƙule-dunƙule kamar an watsa ƙosai a faranti. Shi kuwa bai taɓa ganin duniya ta sama ba, wannan kallon shaho ne, ba na masunci ba. Yana cikin lalube famfon ya sauya murya da kansa, ruwa ya fara dawowa. Ya tsaya yana kallo gungayen suna nutsewa, na ƙasa-ƙasa da farko, sannan masu tudu, yadda suka yi tun yana yaro, sai dai wancan karon wata uku aka yi, wannan kuwa ko tsawon alwala bai kai ba.

Jamilu ya matso kusa da malamar ya yi mata magana a hankali. Ta dubi tsohon, ta danna ja da kanta. Ruwa ya sake janyewa, Dudu ya sake zagaya teburin har sau biyu, ruwa ya sake rufewa. Bai gane kome ba.

“Baba, ka yi haƙuri,” in ji Malama Hannah. “Kwana biyu hadari ya tare rana, batirin bai cika ba. Abin da ya rage bai fi na sau ɗaya ba.”

“Bar shi, ɗiyata. Bar wa yaran wasu. Mu tafi.”

Ya duƙa zai ɗauki takalman sai ya ga Hamdiyya. Teburin ya zo mata daidai haɓa, ta ɗora haɓar a kan bakinsa, idanunta suna daidai da fuskar ruwan.

“Amarya, taho mu tafi.”

“Tsaya, Kaka, ina cikin jirgi.”

“Wane jirgi?”

“Na Baba. Ga dutsen da muke gani in za mu gida. Kai ba ka gani ba don ka cika tsawo.”

Dudu ya dafa kafaɗar Jamilu, ya sauke gwiwa ɗaya, ya sauke ta biyu, ƙasusuwansa suna ƙara kamar tsohon jirgi. Ya ɗora haɓarsa a bakin teburin kusa da ta yarinyar.

Nan take siminti ya daina zama siminti. Ruwa ya shimfiɗu a gabansa har iyakar gani, gaɓar yamma ta tashi can nesa da duwatsunta a jere, kowanne da siffar da ya san shi da ita, kuma tas, ba hayaƙin da ya saba rufe masa su. Ga Dutsen Shaho da karkataccen kansa. Ya ja gwiwa ya matsa dama kaɗan, ya ƙara matsawa, har bakin ɗan rafin ya zo ya zauna a ƙarƙashin ƙololuwar. Ya ji kamar teburin yana lilo da shi a hankali.

“Ɗiyata,” ya ce ba tare da ya ɗaga kai ba, “in kin yarda, a ba ni na ƙarshen nan.”

Ta danna. Ruwa ya ja. A kan hanyar da idonsa ya miƙa, tsibirai uku suka taso a jere. Na farko shafaffe ne kamar faifai. Na uku dogo ne. Na tsakiya kuwa yana da ɗan tudu a kansa na kudu kamar tozon sa, sannan ya gangaro a hankali ya shiga kogi. Haka yake ganinsa da yamma in suna dawowa daga cin kasuwa, yana zaune tsakanin ƙafafun mahaifiyarsa, buhunan da suka sayar da albasarsu a naɗe a ƙarƙashinsa, tana tsefe masa kai da yatsu tana cewa ga gida can. Tozon nan shi ne falalen dutse.

“Shi ne. Na tsakiya, mai tozo.”

A bangon ɗakin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada a taɓa. Malama Hannah ta dubi rubutun, ta fita da sauri, ta dawo da tsinken tsintsiya da ɗan gutsuren sabulu. Hannun babba ba zai kai tsakiyar teburin ba sai an taka shi. Jamilu ya ɗaga Sufyanu ta ƙugu ya miƙa shi a kan ƙasar Yawuri baki ɗaya, yaron yana shawagi kamar belbela, ya manna sabulun a kan tozon, ya kafa tsinken.

“Kaka, na tsaya a garinku,” in ji shi.

“Ka gaishe su, aboki.”

Saura alama ta biyu. Dudu bai tsaya miƙewa ba, da rarrafe ya zagaya teburin zuwa ɗaya gefen, Hamdiyya tana biye da shi tana cewa angonta ya koma jariri. Ya sa ido ta bayan tsinken ya dubi gaɓar gabas. Ga tudun, ga tsagar. Giginya kuwa babu, domin masu auna ƙasa ba su auna itace ba. Tsaga ita kaɗai ba ta tsayar da jirgi, sai da wani abu a gabanta ko a bayanta. Famfo ya sauya murya. Ruwa ya fara hawa gefen gungun.

Ya duba hagu, ya duba dama, idonsa ya kawo ruwa, kome ya dagule. Yarinyar ta matso ta manna kuncinta da nasa don ta ga abin da yake nema.

“Kaka, dubi can baya. Dutse ya goya dutse.”

“Ina?”

“Can, bayan tudun. Babban ya duƙa, ƙaramin ya hau bayansa, kamar Inna in ta goya ɗan maƙwabta.”

Ya goge ido da hannun riga. Can bayan gaɓa, sama da kan tsinken, akwai duwatsu biyu, ɗaya babba mai duƙaƙƙen kai, ɗaya ƙarami mai zagaye, ya zauna daidai a gadon bayan babban. Dudu ya karkata kai hagu kamar faɗin yatsa biyu, ɗan ya zame ya sauka ƙasa. Ya karkata dama, ɗan ya ɓuya a bayan uwar. Ya dawo daidai tsinke, goyo ya koma mazauninsa. Ya san duwatsun nan, duk rayuwarsa suna can, amma bai taɓa ba su ido ba, saboda giginya ta ishe shi.

Ruwa ya rufe tozon, ya haɗiye sabulun, ya tsaya. Kan tsinken kaɗai ya rage a sama, shi ɗaya a tsakiyar tafki.

Da aka tashe shi tsaye Malama Hannah ta kawo masa kujera da ruwan sha. Sannan ta ce, “Baba, kada in ɓoye maka. Siminti ne, hannun mutum ya gina shi. An yi ƙoƙari a bi awo, amma ba zan rantse maka a kan kowane dutse ba.”

“Giginyar ma ba ta taɓa rantse mini ba, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka, shi raya naki.”

“Amin, Baba. In ka samu, a aiko mini da labari. Zan rubuta sunan a wurin.”

Suka yi azahar a masallacin bakin kasuwa, suka ci dambun kifin da Hasiya ta ƙullo a inuwar wata ɗorawa. Dudu bai ci na kirki ba. Da rana ta karkata suka shiga jirgi. Ba wanda ya ce a bi ta wurin, ba wanda kuma ya ce kada a bi. Da suka kusa, Jamilu ya kashe inji ya ɗauki filafili, shiru ya sauko a kan ruwa kamar an yafa mayafi.

Dudu ya dubi yamma, ya dubi gabas. A nan ba tebur ba ne. Duwatsun duka sun narke masa sun zama shuɗin hayaƙi guda.

“Aboki,” ya ce wa Sufyanu, “kai ne idona na yamma. Ka ga dutse mai karkataccen kai? Ka ga bakin rafi? Ka riƙe rafin a ƙarƙashin kan dutsen, in ya goce ka gaya wa babanka. Amarya, ke ce idona na gabas. Ki gaya mini halin da goyo yake ciki.”

Hasiya ta riƙe bayan rigar ruwan yarinyar, ita kuwa ta durƙusa ta ɗora haɓa a bakin jirgi yadda ta yi a teburin. Filafili yana shiga ruwa yana fita ba ƙara. Wasu fararen tsuntsaye suka wuce ƙasa-ƙasa, inuwarsu tana bin su a ƙarƙashi.

“Yana ƙasa, Kaka. Yana zaune nesa da uwarsa.”

Suka ci gaba.

“Ya fara rarrafe.”

Dudu ya jawo dutsen daga ƙarƙashin benci, ya warware igiyar.

“Ya kama zaninta. Yana hawa. Ya hau.”

Jamilu ya tsayar da jirgi. Dudu ya yi bisimilla ya zura dutsen. Igiya ta yi ta zamewa tsakanin yatsunsa, tsawon gaba ɗaya, gaba biyu, gaba biyar, sannan ta yi sako-sako. Ba ƙara. Ya ɗaga ya sake saki. Laka ce, mai laushi, irin wadda ta amsa masa sau bakwai.

Ya zauna da igiyar a hannu. Jamilu ya sunkuyar da kai. Ruwa yana lasar cikin jirgin a hankali.

Sai Hasiya, wadda ba ta cika magana a gaban surukinta ba, ta ce, “Baba, a gafarce ni. Sufyanu, ɗazu da tsuntsayen nan suka wuce, ina idonka yake?”

Yaron ya yi ƙasa da kai. “Ɗan kaɗan na kalle su, Inna.”

“To yanzu ina rafin?”

Ya duba. “Ya fita daga ƙarƙashin dutsen. Ya yi nan.”

Dudu ya ji dariya ta taso masa daga inda bai zata ba. “Ni ma ranar da aka fara koya mini, dorina na tsaya kallo, sai da na sha filafili a gadon baya. Kai ka ci sa'a, babanka rago ne. Mayar da rafin wurinsa.”

Ya naɗe igiyar. Jamilu ya juya kan jirgi, yana tuƙi kaɗan-kaɗan, yaran biyu suna ba shi umarni kamar manyan sarakunan ruwa. Wannan ya ce a yi hagu, waccan ta ce ɗan ya zame a koma baya. Sai can muryoyin biyu suka haɗu.

“Rafi ya shiga.”

“Ya hau. Ta ɗaure shi da majanyi.”

Dudu ya zura. Gaba ɗaya, gaba biyu, gaba uku, gaba huɗu. Sai ƙwas. Ƙarar ba ta kunne ba ce, ta biyo igiya ne ta shiga tafin hannunsa, ta haura har kafaɗa. Ya ɗaga ya sake saki don ya tabbata. Ƙwas.

Ya kamo hannun Sufyanu ya ɗora a kan igiyar, ya kamo na Hamdiyya ya ɗora a ƙasan na wanta, ya rufe su da nasa, ya ɗaga ya saki. Idanun yaran suka buɗe.

“Wa ke ciki?” Hamdiyya ta tambaya da raɗa.

“Innata. A gefen dutsen nan take kwance. A kansa take shanya albasa, ni kuma ina kore mata awaki.”

“Tana jin mu?”

“Allah ne masani, amarya. Mu dai mun yi sallama.”

Ya ɗaga hannu, Jamilu da Hasiya suka ɗaga, yaran suka kwaikwaya. Ya karanta abin da ya saba karantawa, ya roƙa mata gafara da sanyin makwanci, ita da mahaifinsa da duk mutanen gungun. Suka shafa. Rana ta yi laushi, ruwan ya koma launin zuma, jirgin yana juyawa a hankali a kan igiyarsa.

Da ya gama sai ya ce, “To, ku faɗa mini. In ba ni, yaya za ku zo?”

“Rafi a ƙarƙashin Dutsen Shaho,” in ji Sufyanu. “Kuma ba a kallon tsuntsu.”

“Dutse ya goya dutse,” in ji Hamdiyya. Ta ɗan yi tunani. “Kaka, in uwar ta gaji ta sauke shi fa?”

“Tun kafin a haifi kakan kakana take goye da shi, ba ta gaji ba. Ba irinki ba ce, da ko takalminki sai an riƙe miki.”

Ya miƙa wa Jamilu igiyar ya jawo dutsen. Da ya fito, a jikinsa akwai ɗan farin ƙarzo inda ya bugi falalen. Hamdiyya ta shafa wurin da yatsa, ta ce ita za ta riƙe shi har gida. Aka ɗora mata shi a cinya, jiƙaƙƙe, ta rungume shi da hannu biyu.

Jamilu bai tayar da inji nan da nan ba. Ya yi ta tuƙi da filafili, yarinyar tana waiwayen gabas tana ba kakanta labari: ɗan ya zame, ya sauka, ya koma wasansa. Dudu ya jingina da gefen jirgi yana saurare, idonsa a rufe, jajayen takalman suna cinyarsa.